Gaisuwar Albasa Zuwa Babban Banki

Tun da na dawo daga Abuja ba a bar ni na sha iska ba. A ƙofar masallaci, a teburin mai shayi, har a wurin jana'iza wani ya matso ya yi ƙasa da murya ya ce, "Malam Atta, wai yaya garin nasu yake?" Na gaji da maimaitawa. Kuma na lura duk wanda ya ji daga bakina sai ya ƙara gishiri kafin ya kai wa na gaba, har an fara cewa wai na ci tuwo kwano ɗaya da shugaban babban bankin ƙasa. To ga yadda aka yi. Wanda ya sake tare ni bayan wannan, shi zai biya shayin.

Ni manomin albasa ne a Kwargaba, ƙasar Wurno. Fadamar da nake nomawa a bakin gulbin Rima gadon mahaifina ce, kuma tun da ya rasu rani bai taɓa wucewa ban dasa ta da hannuna ba. Amma injin ban ruwana ya tsufa, fetur kuma ya yi tashin gwauron zabi, bara da kyar na ga ƙarshen rani. Na san in ban sayi injin sola kafin lokacin dashe ba, bana sai dai in ba da fadamar haya. Abin da nake da shi na sayen injin kuwa yana cikin rudu, wato rumfar nan ta kara da muke ɗagawa daga ƙasa mu jibge albasa a ciki tun daga girbi har ta yi tsada. Albasa ta yi tsada kam. Sai dai duk ranar da ta tashi na garzaya Sakkwato wurin mai injin, sai in tarar shi ma ya tashi, kamar ana kai masa rahotona.

Ana cikin haka, ƙarshen damina, muna zaune a majalisar 'yan albasa sai rediyo ya ce wani kwamiti na babban banki zai zauna ya duba hauhawar farashi, ya yanke ko a ƙara kuɗin ruwa ko a rage. Sarkin Albasa, dattijon da ke shugabantar mu, ya ɗaga hannu aka yi tsit.

"Wanga kwamiti," in ji shi, "mutane na ko aljannu?"

Aka ce mutane ne.

"To in mutane na, suna da ƙohwa, kuma suna shan miya. Mi ya hana mu kai gaisuwa?"

Wallahi ba wanda ya yi dariya, domin haka muka san duniya. Kana da buƙata wurin hakimi, ka ɗauki abin hannunka ka je ka zauna a zaure har a gan ka. Liman ya ɗan yi gyaran murya a kan zancen riba, aka tabbatar masa ba rance za a nema ba. Saƙon namu mai sauƙi ne: a saukar da taki, a saukar da fetur, a saukar da injin sola, albasa kuma a bar ta inda Allah ya kai ta. Sannan a ɗan raɗa mana ko mu buɗe rudu yanzu ko mu ƙara riƙewa. Kowa ya kawo zaɓaɓɓu daga nasa aka cika buhu, ja jawur, kowace ta cika tafin hannu. Ni aka zaɓa saboda Saratu, ɗiyar yayata, a bankin take aiki.

Da na gaya wa Luba, matata, ko ɗagowa ba ta yi daga tankaɗe ba. "Ba ka da lambatta? Ka kira ta mana."

"Ke mi kinka sani? Babbar magana ba a yin ta bisa waya."

"Abin da na sani, rudun ga ya hwara wari daga ƙasa, kuma hadari bai ƙare ba."

A jajibirin tafiyata Alhaji Ige, dillalin nan na Rabah mai haɗa wa 'yan kudu kaya, ya zo har gida ya zagaya rudun, ya yi tayin da ban taɓa jin irinsa ba. Ya kusa injin, saura ƙiris. Wannan ƙiris ɗin ne ya ja ni. Na ce masa albarka, ya jira in dawo daga Abuja. Ya dube ni ya dubi sama, ya ce Allah shi kiyaye hanya.

Daga Wurno zuwa Sakkwato ba labari. A tashar Sakkwato ne 'yan kamasho suka ce buhuna kujera guda ne, na ce gaisuwar manya ce, suka ce to manyan su zo su biya. Aka cusa shi ƙarƙashin ƙafafuna, na yi tafiyar nan duka gwiwoyina suna gaisawa da haɓata. A hannun damana akwai wata Hajiya 'yar Kano mai fataucin atamfa, a hagu kuma wani tsohon malamin makaranta da ke bin sawun fanshonsa. Ba mu kai Dange ba Hajiya ta toshe hanci da gyale ta ce, "Bawan Allah, wannan kayan naka sai ya sa mu kuka ba a yi mana mutuwa ba."

Da na faɗi inda za ni da buhun, mota ta ɗauka. Hajiya ta manta da wari ta kamo hannun rigata. "Don Allah ka gaya musu su sassauta. Da kuɗin banki nake saro kaya, duk ƙarin da suka yi a wuyana yake sauka. Na sallami yaran shago biyu a bana." Tsohon malamin ya ce a'a, su ƙara, su ƙara sosai, shi fanshonsa ba ya motsi amma kwanon gero kullum sai ya yi tsalle. Suka kaure. Direba ya ce shi dai a saukar da mai, sauran duk surutu ne. Ni ina tsakiya ina jin daɗi, a raina ina cewa duk za a shigar da ku cikin saƙo, ai zauren manya faɗi gare shi.

A kan iyakar jiharmu muka tarar da shingen farko, wasu samari da katako mai ƙusoshi. Ɗaya ya leƙo, hancinsa ya kai shi ƙarƙashin ƙafata.

"Baba, na sayarwa ne?"

"Gaisuwa ta."

"To mu ma a gaishe mu."

Aka gaishe su. Daga nan har Abuja ban san iyakar mutanen da na gaisar ba, masu kaki da marasa kaki, kowa da hannu biyu yake karɓa kuma ba wanda ya taɓa cewa ya gode. Kafin mu kai Funtuwa na daina jin gwiwoyina a haɓata, ƙafafuna suka sami wurin miƙewa. Malam ya ce in lura da kyau, wannan ma yana cikin abin da ke sa albasa tsada a kudu, in tambayi kwamitin ko kuɗin ruwa yana cire ƙusa daga katako.

Amma kafin Funtuwa sai da muka yada zango a Gusau, domin direba ya rantse ba ya shiga dajin gaba bayan la'asar, kuma ba wanda ya yi masa musu, kowa ya san dalili. Masaukinmu barandar masallacin tasha ce, matashina buhu. Na sayi shinkafa da wake wurin wata mai abinci, na tona har ƙasan kwano ban ga ko ɓawon albasa ba. Na yi magana, ta ce, "Albasa? Ai yanzu sai gidan gwamna." Na zaro mata manya guda biyu. Matar nan ta karɓa kamar na ba ta zinari, ta dawo ta ɗora mini tsokar da ban saya ba. Ranar na kwanta ina jin kaina wani ƙusa, na ce lallai Alhaji Ige ya so ya cuce ni da rana tsaka.

Mun isa Zuba, bakin Abuja, rana ta take. Ina zaune a kan buhu ina jiran Saratu sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Mai tireda ya ɗauki albasa guda, ƙarama ma, ya sa wuƙa ya raba ta biyu, ya sayar wa wata mata mai goyo rabi, ya kife ɗaya rabin a faranti yana jiran wani. Matar ta daɗe tana juya rabin nan a hannu kafin ta kwance bakin zaninta. Da farko daɗi na ji, ba zan ɓoye muku ba, na ce kayanmu ya yi daraja. Daga baya kuma sai na ji kunya ta rufe ni, na ja babbar rigata na lulluɓe buhun don kada ta gani. A garinmu wadda ta fi wannan ma akuya ake jefa wa.

Saratu ta zo da motarta, ta durƙusa har ƙasa a tsakiyar tasha, na ji daɗi Abuja ba ta cinye mata tarbiyya ba. Gidanta a saman bene yake, ƙofa na kallon ƙofa, amma ba ta san sunan maƙwabcinta ba. Washegari da safe na tare mutumin a matakala na gaishe shi yadda ake gaisuwa, gida, iyali, gajiya, ruwa. Ya tsaya yana kallona, can ya tambayi Saratu da Turanci wai ko akwai matsala ne. Abinci kuma taliya ce da cokali mai yatsu, kana kamawa tana zillewa. Na tambayi fura, aka kawo mini wata a roba mai sanyin ƙanƙara, an rubuta mata ranar mutuwa a gindi.

Da na warware mata saƙon majalisa, yarinyar nan ta riƙe baki, kafaɗunta suna rawa.

"Kawu, don wannan ka yi tahiyar ga duka? Da ka kira ni ai."

"Ke ma zancen Luba za ki yi mini? Ke dai kai ni zaure."

"Babu zaure, Kawu. Kuma ko ni ban ganin su. Ni ina cikin masu haɗa musu bayanin farashin kasuwanni, mu miƙa sama. In sunka kusa zama ba su karɓar baƙo, balle kyauta. Wanda ya karɓi ko albasa guda, aikinsa ya tahi."

Na ce yarinta ce ke damunta, ba a taɓa yin babban da ba shi da zaure ba. Na saka rigata ta Sallah, na ɗauki tasi ni da buhu. Ginin kam ya ginu, sai ka riƙe hula kafin ka ga ƙarshensa. Masu gadi suka karɓe ni da mutunci, ɗaya ma Bazamfare ne, muka gaisa sosai. Ya tambayi wa na zo gani, na ce kwamiti. Ya ce wane daga ciki, na ce duk wanda ya fi kusa. Ya ce ina da alƙawari da wani? Na ce ina da gaisuwa. Ya leƙa buhun ya ce, "Kai, Baba, wagga albasa ta yi kyau," sannan ya nuna mini inuwa can tsallaken titi. Nan na zauna har azahar ina kallon motoci masu baƙin gilashi suna shiga suna fita, duk wadda ta wuce sai in ɗan miƙe in ɗaga hannu, ko da dace. Ba a dace ba.

Da yamma, bayan na huce, Saratu ta zaunar da ni ta yi mini bayani kamar mai lallashin maras lafiya. Ta ce ba su ke sa wa taki ko fetur farashi ba. Abin da ke hannunsu shi ne tsadar rance. In kaya suna ta hawa, sai su ƙara kuɗin ruwa, rance ya yi zafi, masu ɗaukar kuɗin banki su sayi kaya su rage, kuɗi ya ragu a hannun jama'a, sai farashi ya lafa. Na ce to ni mi ya shafe ni, ban taɓa cin riba ba, ban taɓa taka banki da sunan rance ba.

"Kai ba ka taka ba. Wanda ka sayen albasarka tirela-tirela fa, da kuɗin wa shika saye?"

Na tuna Hajiya da yaran shagonta, na ce to ai wannan kashe kasuwa ne. Ta ce shi ya sa suke zama su yi ta gardama. In sun ƙara da yawa, masana'antu su rufe, mutane su rasa aiki. In sun yi sanyi, farashi ya tsere, kuɗin ƙasa ya zama takarda. Kuma akwai tsadar da ba ruwanta da rance, ta rashin tsaro da ta mai da ta hanya, wadda su kansu sun san maganinsu ba ya kai mata. Kowa ya faɗi nasa, a ƙarshe a kaɗa ƙuri'a. Na ce ashe irin motarmu ce, sai dai su da na'urar sanyi. Ta ce kuma maganin a hankali yake aiki, sai an yi watanni.

"To cikin kayan da suka so su sauko," na tambaye ta, "akwai albasa?"

Ta sunkuyar da kai. "Kawu, abinci na kan gaba. Albasa kuwa bana tana cikin waɗanda sunka hi tayar muna da hankali."

Jama'a, kun ji fa. Mun zauna mun tsince mafi kyawun albasarmu, na ɗauko ta na ratsa jihohi, na kwana a baranda, don in gaishe da mutanen da aikinsu dare da rana shi ne su ga ta faɗi. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce to wa ke tsaya wa manomi a cikin ɗakin nan? Ta ce suna tunawa da manomi, amma suna tunawa da mai saye ma, kuma masu saye sun fi yawa. Na buɗe baki zan yi faɗa sai matar Zuba ta faɗo mini a rai, da rabin albasarta. Na rufe bakina.

A nan ya kamata in kama hanya. Amma Sarkin Albasa ya ce kada in dawo ba amsa, zaman kuma saura 'yan kwanaki, Saratu kuma ta rantse ba ta san abin da za a yanke ba, ko ta sani ma ba ta da izinin faɗa. Luba tana kira kullum. Ta ce an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, iska ta yaye gefen rudu. Ta ce Alhaji Ige ya sake zuwa, tayinsa yana nan amma ba zai kwana da yawa ba. Na ce ta jira. Ta ce ƙudaje ma sun gaji da jira sun shiga. Na ce ta jira dai, ina bakin ƙofar labari.

Ranar da aka yanke, a talabijin ɗin falon Saratu na gani. Wani mai kwat ya karanta dogon Turanci, ta fassara mini da kalma biyu: an ƙara. Ban gama jinjina kai ba wayata ta yi ƙara, Sarkin Albasa ne. "Atta, ka ji? Rediyo ya ce an ƙara!" Abin da na zo Abuja nema, shi ya riga ni ji a gindin bishiya, bai ko sa takalmi ba.

Ragowar buhun na raba wa masu gadin unguwa da maƙwabta. Mutumin matakala ya sami rabonsa, kuma da safen da zan tafi shi ya fara gaishe ni, har da tambayar iyali. Gaisuwar Kwargaba dai ta yi aiki a Abuja, a kan mutum ɗaya.

Tun daga bakin garinmu na san abin da zan tarar, domin hanci ya riga ido. Ƙasan rudun ya zama ruwa, tsakiya ya yi tsiro, na sama kaɗai ke da sauran mutunci. Luba ta kawo mini ruwa ta ajiye ta koma aikinta. Na tafi Rabah da ƙafata wurin Alhaji Ige. Ya ce mutuminsa na kudu ya janye, wai kuɗin banki ya yi zafi ba zai ƙara ɗauka ya tara kaya ba, ga kuma sabuwar albasar damina ta fara shigowa kasuwar Goronyo. Ko wanne ne ya kashe ni a ciki, Allah masani. Saratu ta ce maganin sai ya yi watanni, ni dai a kaina ya riga motar haya isowa. Abin da na tsinta na sayar bai kai rabin injin ba.

Ina cikin kwasar ruɓaɓɓiyar a baro ina kaiwa rami sai ga kiran Saratu, muryarta fes. Ta tambayi gajiyar hanya, sannan ta ce, "Kawu, ka ga abin da nike gaya maka? Bayanin da munka tattara makon ga ya nuna albasa ta hwara sauka. Kowa a ofis ya ji daɗi."

Na dubi baron, na ce, "Na gani, ɗiyata. Allah shi ƙara muku nasara." Kuma har zuciyata ban yi mata baƙin ciki ba. Na dai yi fatan matar Zuba ta sayi guda cikakkiya, don kada asarar tawa ta tafi a banza. Bayan na kashe wayar na zauna a bakin ramin na yi hawaye, kuma ba yajin albasa ba ne.

Masu tambayar yaya Abuja take, tituna suna da kyau, fura ba ta da daɗi, manya ba su da zaure. In kuma kun bi ta bakin gulbi bana kun hango farantan sola suna ƙyalli a fadamar mahaifina, kada ku zo yi mini barka. Injin ya zo kam, irin wanda na yi ta zawarci, ba ƙara ba hayaƙi. Na Alhaji Ige ne, shi ya karɓi fadamar haya. Da yake ba wanda ya san kwanciyar ruwan wurin kamar ni, ya ɗauke ni in kula masa da ita. Kullum da safe ni nake goge farantan, in buɗe ruwa, in bi shi kwami-kwami yadda mahaifina ya koya mini. Albasar ta yi kyau ƙwarai, sai dai in ta nuna ba ni za a tambaya ko a sayar ko a riƙe ba.